Kaymak na Turkiyya: yadda ake fitar da shi daga madara da yadda ake cinsa

Tambaya: Na je sari Istanbul, da safe a masauki aka kawo mana wani farin abu a nannaɗe cikin ƙaramin faranti, an malala masa zuma, ana ci da burodi. Suka ce sunansa kaymak. Man shanu ne ko cuku? Yaya ake yinsa, kuma zai yiwu in yi a gida da madarar shanunmu? Ban da zuma, da me ake cinsa?

Amsa: Hajiya, abin da kika ci ba man shanu ba ne, ba cuku ba ne. Yanar madara ce, wadda ke taruwa a sama idan an dafa madara an bar ta ta huce. Abin da Turkawa suka ƙware a kai shi ne sa wannan yanar ta yi kauri har a iya yanka ta da wuƙa a naɗe. Ba a kaɗa ta kamar yadda ake kaɗa nono a fitar da mai, ba a zuba mata abin daskarwa, ba gishiri ba sukari. Dokar abinci ta Turkiyya ta ce sai maiƙon madara ya kai kashi 60 cikin 100 kafin a kira abu kaymak. Man shanun da ake sayarwa a leda yana kai kashi 80 ko fiye, kirim ɗin kwali da ake bugawa a sa wa kek kuma yana tsayawa a wajen kashi 35. Kaymak a tsakaninsu yake, shi ya sa kika ji yana narkewa a baki amma ɗanɗanon dafaffiyar madara bai bar shi ba.

Asalin madarar da ake yinsa da ita ta ɓaunar ruwa ce, wadda Turkawa ke kira manda. Ba ɓaunar dajinmu ba ce, dabbar gida ce da ake kiwo ana tatsa tun daga Indiya har Masar da Italiya. Maiƙon madararta yana kai kashi 7 zuwa 8 cikin 100, kusan ninki biyu na saniyar Turai, kuma fari ne fat, domin jikinta yana sarrafa sinadarin ganye da ke sa man saniya ya yi rawaya. Don haka in kin ga kaymak fari ƙal, mai yiwuwa na manda ne. In ya ɗan yi ruwan ƙwai, na saniya ne. Garin da ya yi suna da shi shi ne Afyonkarahisar, a yammacin tsakiyar ƙasar, wanda ake taƙaitawa Afyon. A can ana noman tsiron fofi, wanda ake fitar da sinadarin opium daga gare shi, ƙarƙashin kulawar gwamnati, ana matse mai daga ƙwayarsa, a ba dabbobi tunkuzar, kuma mutanen garin suna danganta daɗin kaymak ɗinsu da wannan abincin. Dokar da na ambata ta ware kaymak na Afyon daban: madarar manda ce da aka tafasa aka riƙe ta a digiri 92 na aƙalla minti 2, sannan aka sanyaya. Sana'ar tsohuwa ce a birane ma. A 1573, zamanin Sarki Salim na Biyu na Daular Usmaniyya, shagunan masu kaymak na unguwar Eyüp a Istanbul sun zama wurin haɗuwar jama'a har aka fitar da umarnin hana mata shigarsu.

Madarar ita ce rabin aikin

Eh, za ki iya yi da madarar shanunmu, kuma ta fi ta shanun Turai dacewa, domin shanu masu tozo ba su ba da madara da yawa amma tasu ta fi maiƙo. Sharaɗin shi ne ta zama madara sabuwar tatsa, wadda ba a kwashe mata mai ba, ba a ƙara mata ruwa ba. Ki yi magana da mai kawo miki tun jiya, ki ce ta safe kike so, ɗanya, kada ta kwana. Da ta iso ki tace ta da tsabtataccen farin ƙyalle, ki ɗebi ludayi ɗaya ki tafasa a ƙaramar tukunya. In ta tsinke ta yi gudaji, tsami ya riga ya shige ta, sai dai a yi kindirmo da ita.

Madarar kwali ta kanti ba ta yi, kuma yana da kyau ki san dalili don kada ki yi asarar kuɗi. Maiƙon madara ƙananan ƙwallaye ne da ke yawo a cikinta, kuma saboda sun fi ruwa rashin nauyi, in an bar madara ta natsu sai su hau sama. Masana'antu suna matsa madara ta wata ƙaramar kafa da ƙarfi su farfasa ƙwallayen su zama mitsi-mitsi, da gangan, don kada maiƙon ya taso a cikin kwali. Irin wannan madarar ko kin kwana kina dafawa siririyar yana kawai za ta ba ki. Madarar gari ma haka, balle ma da yawa daga cikin na kasuwa an cire musu man madara an maye gurbinsa da man tsirrai.

Sai lissafi, domin nan ne ake yawan sa buri. Lita 5 na madara mai maiƙo kashi 4 tana ɗauke da wajen giram 200 na mai gaba ɗaya. Ko da duka ya taso, wanda ba ya faruwa, kaymak ɗin ba zai wuce giram 330 ba. A aikace ki sa ran giram 150 zuwa 200. Shi ya sa masu yi a gida a Turkiyya, waɗanda ba su da manda, suke ƙara kirim. Ma'aunin da nake ba da shawara: lita 2 na ɗanyar madara da rabin lita na kirim mai maiƙo kashi 35. Wannan haɗin yana kai maiƙon wajen kashi 10, ya ba ki kusan giram 250 zuwa 300. Ki karanta jikin kwalin kirim ɗin da kyau, ya zama na madara zalla. Akwai na man tsirrai mai sukari da masu kek ke amfani da shi, wannan ba zai yi ba sam. In babu kirim, ki yi da madara zalla ki karɓi yana marar kauri. Daɗin yana nan.

Mazubi ma yana da nasa hukunci. Ana son mai faɗi, marar zurfi, mai kaurin gindi. A Afyon tasoshin jan ƙarfe ne da aka shafe cikinsu da kuza, bakinsu ya fi gindinsu faɗi. A gida tasa ko kasko mai faɗin santimita 30 ya isa lita biyu da rabi, zurfin madarar ya tsaya a wajen santimita 3 zuwa 4. A tukunya mai zurfi maiƙon yana da nisan tafiya kafin ya kai sama, filin da yanar za ta kwanta kuma kaɗan ne. Ki kurkure mazubin da ruwan sanyi kafin ki zuba madara, kada ki goge. Wannan ɗan laimar yana rage kamun gindi.

Wuta, kumfa, sannan a ƙyale ta

Ki haɗa madara da kirim tun suna sanyi, ki ɗora a wuta matsakaiciya zuwa ƙasa, kina juyawa da ludayi har gindi. Ana so ta ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ta kai digiri 90 zuwa 92. In ba ki da ma'aunin zafi, alamar ita ce ƙananan kumfa su jeru a gefen tasa, tururi ya tashi sosai, tsakiyar madarar ta fara kumbura tana son tasowa. A nan ki rage wuta, ki riƙe ta haka minti biyu zuwa uku. Wannan matakin shi ke kashe ƙwayoyin cutar da ɗanyar madara ke iya ɗaukowa daga dabba, irin su tarin fuka da zazzaɓin da ke sa shanu ɓari, don haka ba a tsallake shi.

Daga nan sai shiƙa. Ki ɗebi madara da ludayi, ki ɗaga hannu kamar kamu ɗaya da rabi sama da tasa, ki zubo ta a siririn zare, ki maimaita na minti 8 zuwa 10 har kumfa ya rufe saman gaba ɗaya. Mutane da yawa suna raina wannan matakin, alhali shi ke bambanta kaymak mai kyau da dunƙulen mai. Iskar da ta shiga tana ɗago ƙwallayen mai, kuma ita ke barin ƙananan ramuka a cikin yanar. In kika yanka kaymak na ƙwarai kika duba gefen yankan, za ki ga samansa da ɗan tauri da yamutsa, ƙarƙashinsa kuma laushi mai huji-huji da ke riƙe ɗigon madara.

Bayan shiƙa ki ajiye ludayin, ba za ki sake taɓa madarar ba. Ki mayar da wuta can ƙasa, inda saman ke ɗan motsi amma ba tafasa, wajen digiri 80 zuwa 85, ki bar ta awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Garwashin da ya ci ya lafa aka yayyafa masa toka ya fi gas kyau a nan, domin zafinsa yana bazuwa ko'ina a gindin tasa. A kan gas ki sa faifan ƙarfe tsakanin wuta da tasa, ko ki ɗora tasar a kan babbar tukunya mai tafasasshen ruwa. Abin da ke faruwa a wannan lokacin: zafi yana sauya wasu sunadaran gina jiki na madara su manne wa ƙwallayen mai, ruwan saman yana ƙafewa, sai su haɗu su zama shimfiɗa ɗaya. In wuta ta yi yawa madara ta tafasa, kumfar tafasar za ta yaga shimfiɗar, ƙwallayen su fashe, ki ga mai rawaya yana kwance a sama. Kaymak ɗin da ya fito daga nan yana da tsaki-tsaki a harshe da nauyin maiƙo. In kuma gindi ya kama, ƙaurin zai hau har cikin yanar, ba ya fita.

Kada ki rufe da murfi. Tururi zai taru a jikinsa ya ɗigo ya huda yanar, ya kuma hana ta bushewa. In kina tsoron ƙura ko ƙuda, ki kifa rariya ko kwando a kai ki shimfiɗa busasshen ƙyalle, shi zai shanye tururin. Fanka ma kada ta buga kai tsaye, tana sa saman ya bushe ya tsage tun ƙasa bai haɗu ba.

Masu sana'ar a Afyon suna dafawa sau biyu. Bayan dahuwar farko su rufe tasoshin su bar su sa'o'i, sannan su ɗaga gefen yanar su zuba sabuwar madara ta ƙarƙashi, su sake ɗumamawa a hankali ba tare da tafasa ba, sai su kai wuri mai sanyi. Haka suke samun kauri. Amma Afyon tudu ce mai tsawon wajen mita 1,000 daga teku, darenta da sanyi. A zafin Kano ko Maraɗi ban yarda a bar madara sa'o'i shida a ɗaki ba. Akwai ƙwayoyin cuta masu sulke da tafasa ba ta kashewa, da madara ta sauko zuwa ɗumi sai su farka su hayayyafa. Abin da za ki yi: ki sauke tasar a hankali ba girgiza, ki bar ta minti 30, sannan ki zaunar da gindinta a cikin baho mai ruwan sanyi ko ƙanƙara, ruwan ya kai rabin tsayinta, kina canzawa in ya ɗumama. Cikin awa biyu ta shiga firji. Ta zauna a digiri 4 na awa 12 aƙalla, 24 ya fi. Sanyin ne ke daskarar da man ya ba yanar ƙarfin ɗaguwa. In kin san wutar lantarki ba za ta tsaya ba, ki tanadi kula da ƙanƙara tun kafin ki ɗora tukunya, ko ki bari sai lokacin hunturu. Kuma ki fitar da albasa, daddawa da kifi daga firjin, ko ki rufe su ruf, domin maiƙo yana jan wari.

Wajen cirewa, ki bi gefen tasa da bakin wuƙa siririya ki raba yanar da ƙarfe. Ki yanka ta tsaye-tsaye, faɗin yatsu huɗu kowanne. Ki zura faffaɗan cokali ta ƙarƙashi, ki ɗaga ki ɗan jira madara ta tsiyaye, sannan ki naɗe kamar tabarma, busasshen gefen a waje, mai laimar a ciki. Wannan naɗin shi kika gani a faranti, suna ce masa lüle. In yana karyewa, ko dai bai yi sanyi sosai ba ko yanar ba ta yi kauri ba. Ki kwashe da cokali ki jera a kwano, ba abin da ya ragu sai kyan gani. Madarar da ta rage a tasa kada ki zubar. Ta dahu ta yi zaƙi, tana yin kindirmo mai kauri, Turkawa kuma da ita suke dafa shinkafa da madara da suke kira sütlaç.

Yadda suke cinsa

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne kaymak ba shi da zaƙi, kuma amfaninsa ke nan. Aikinsa a faranti ya tare zaƙin abin da aka haɗa shi da shi. Wanda kika ci sunansa bal kaymak, wato zuma da kaymak, kuma yana zuwa ne a cikin karin kumallonsu mai ƙananan faranta da yawa: farin cuku, zaitun, tumatir, kokwamba, ƙwai. Ana ajiye kaymak a tsakiya a zuba zuma a kai ko a gefe, wani lokaci da sakar zumar gaba ɗaya. Ba a gauraya su. Ki yago burodi mai ɗumi, ki ɗebo kaymak da bakin wuƙa ki ɗora, ki dangwalo zuma, sanyi da ɗumi da zaƙi su haɗu a baki. Wanda ya dama su wuri guda ya ɓata duka biyun, domin ramukan nan sun mutu, ya koma maiƙo mai zaƙi kawai. A fitar da shi daga firji minti 10 kafin ci; da sanyi ƙarara ƙamshinsa ba ya fitowa, in ya daɗe a waje kuma ya saki. Abokin tafiyarsa baƙin shayi ne marar madara a ƙaramin kofin gilashi, ɗacinsa ke wanke baki. Wasu maimakon zuma suna sa pekmez, ruwan inabi da aka dafa ya yi kauri. A wajenmu gurasa mai zafi da zumar ƙwarai sun wadatar, kuma alkaki yana karɓarsa sosai.

Wuri na biyu shi ne kan kayan zaƙi masu ruwan sukari. Mafi shahara a Afyon shi ne ekmek kadayıfı, wani busasshen burodi na musamman da ake jiƙawa a dafa a ruwan sukari har ya yi ja ya kumbura, a yanka a ɗora masa kaymak mai kauri. Shi kaɗai zaƙinsa ya yi yawa, da kaymak kuwa sai ki cinye yanki ba ki sani ba. Haka ake ɗora shi a kan kunafa ta yankin Hatay mai cuku a ciki, da kan baklawa, da kan kabewa da aka dafa da sukari, wadda ke da sauƙin yi a gidajenmu: a yanka kabewa kilo 1, a barbaɗa sukari giram 300 zuwa 400, a bar ta ta kwana a firji ta fitar da ruwanta, a dafa a wuta kaɗan ba ƙarin ruwa har ta yi sheƙi, ta huce, a sa kaymak a kai. Da sanyin hunturu suna yin irin wannan da wani ɗan itace mai tauri da ƙamshi da suke kira ayva, a cika ramin tsakiyarsa da kaymak. A Gaziantep kuwa cikin ƙullu yake shiga: katmer, ƙullun da aka miƙe ya yi siriri har ana hango hannu ta cikinsa, a yayyafa kaymak da sukari da dakakken fistashiyo (wata ƙwaya mai kama da gyaɗa, koriya), a ninke a gasa, a ci da zafi da safe. Afyon tana kuma naɗe shi a cikin alawar lokum. Ƙa'ida ɗaya a duk waɗannan, ban da katmer da lokum: kaymak ya hau a ƙarshe, dab da kai wa baki. In kika ɗora shi a kan abu mai zafi kika bari, narkewa zai yi ya zama mai.

Maƙwabtansu ma suna da shi da ɗan bambanci. A Iraƙi geymar ne, na madarar ɓaunar ruwa, ana ci da safe da wata waina mai falle-falle da ruwan sukari. A Sabiya da Bosniya suna sa masa gishiri su bar shi ya nuna, su ci da gasasshen nama, don haka in wani ya ba ki kajmak na can kada ki zuba masa zuma kafin ki ɗanɗana.

In za ki saya a Turkiyya, ki nemi wanda aka rubuta manda kaymağı in na ɓauna kike so. Yawancin na roba a manyan kantuna na saniya ne da inji ya ware kirim ɗinsa, sumul yake ba ramuka, yana da daɗi amma bai kai na tasa ba. Wanda ya yi danƙo kamar kamu ko ya bar maiƙo manne a dasashi, akwai zargin an haɗa shi da sitaci ko man tsirrai. Ban ba ki shawarar ɗauko shi a jaka zuwa gida ba, tafiyar ta fi ƙarfinsa.

Na gida yana kwana 3 zuwa 4 a firji cikin mazubi mai murfi, a ɗiba da busasshen cokali mai tsabta. Da ya fara tsami, ɗaci, ko saman ya canza launi, a zubar. Daskarar da shi a firiza yana yiwuwa, amma in ya narke yana yin tsaki-tsaki, sai dai a sa shi cikin abin gasawa. Giram 100 yana ɗauke da kalori kusan 600, don haka cokali biyu, wajen giram 30 zuwa 40, ya ishi mutum ɗaya. Mai ciwon sukari ko matsalar kitse a jini ya rage fiye da haka, musamman da yake da zuma ake haɗa shi. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuma ba a ba shi zuma ko kaɗan, ko da ɗan lasa ne daga farantin manya.